Dakarun da ba a biya: kare itacen lemu da kuɗi kaɗan

Laccar da aka gabatar ga manoma da 'yan kasuwar lemu a Buokrom, Kumasi

  

Lemu ya shafi mutum iri uku a zauren nan. Akwai mai itace biyu ko uku a tsakar gida, yana shan inuwa, yara na shan 'ya'ya. Akwai wanda ya karɓi gona a ƙauyukan kan hanyar Mampong ko Konongo ya dasa eka biyu ko biyar. Akwai kuma masu saye da sayarwa: iyayenmu mata da ke fere lemu a kan tire a Kejetia da Asawase da Aboabo, da masu loda mota zuwa Tamale da Bolgatanga, wasu har Wagadugu. Kukan duka ukun ɗaya ne. Lemu na zubewa tun bai nuna ba, wanda ya kai kasuwa kuma sai a yanka a tarar da tsutsa. Mai gona ya je kanti ya sayo kwalba, ya fesa, bayan mako uku ya sake saye, kuɗin na ƙaruwa, asarar ba ta ragu ba.

Maganata guda ce. Mafi yawan aikin kare lemu ido ne da hannu ke yin sa, tare da wasu halittu da Allah ya zuba a gonar suna yi mana aiki ba lada. Feshi na da ranarsa, amma shi ne na ƙarshe a layi, kuma wanda ya fara da shi yakan kashe masu taimakonsa tun kafin ya san su.

Bari mu fara da wanda ya fi kowa ɓarna. In kun koma gida, ku ɗauki lemun da ya faɗo da kansa ku juya shi a hannu. Za ku ga wani ɗan tabo mai laushi, wurin ya yi rawaya alhali sauran ɓawon kore ne. Ku matsa, ruwa zai fito ta wata kafa kamar bakin allura. Ku yanka daidai nan. Cikin ya narke ya yi wari, ga fararen tsutsotsi marasa ƙafa, in kuka sa babbar cikinsu a tafin hannu sai ta lanƙwashe ta yi tsalle. 'Ya'yan ƙudan lemu ke nan. Muna da namu na asali a Afirka, amma wanda ya fi addabarmu baƙo ne daga Asiya, masana na kiransa Bactrocera dorsalis. An fara ganinsa a Kenya a 2003, ya iso Gana a 2005. Ba ya zaɓe: mangwaro, gwaba, lemu, gwanda, duk nasa ne, shi ya sa da kakar mangwaro ta wuce sai ya dawo kan lemu.

Macen ce ke soke ɓawo ta zuba ƙwai, kuma a rayuwarta tana iya zuba sama da dubu. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙwan ya fashe, tsutsa ta yi mako ɗaya zuwa biyu tana ci, lemun ya faɗo, ta fita ta shige ƙasa, bayan kamar kwana goma ta fito da fiffike. To ku duba inda mai feshi ke zuba kuɗinsa. Tsutsa na cikin lemu, magani bai kai gare ta ba. Wadda ta shiga ƙasa ma bai kai gare ta ba. Ƙudan da ya kashe yau, gobe wani ya taso daga gonar maƙwabci. Wuri ɗaya ne wannan ƙwaro ke hannunmu ba shi da mafita, wato lokacin da yake cikin lemun da ke kwance a gindin itace. Duk lemun da aka bari ya kwana uku a ƙasa, an yi wa ƙuda reno kyauta.

Don haka a tsince, sau biyu a mako, har da wanda ke sama in ya nuna tabo. A zuba a baƙar leda mai kauri wadda ba ta huje ba, a ɗaure bakin tam, a ajiye a rana mako guda, zafi zai dafe su. Wanda ba shi da leda ya haƙa rami mai zurfin fiye da rabin mita ya binne, ya danne ƙasar, domin in ramin bai yi zurfi ba ƙudan na tonowa ya fito. Mai awaki da tumaki ya yanyanka ya ba su tun lemun bai ruɓe ba. Kaji da zabi kuma a sake su a gonar, suna tonon waɗanda suka riga suka shiga ƙasa. Iyayenmu mata na kasuwa, wannan magana ta shafe ku. Tulin ruɓaɓɓen lemun da ake zubarwa a bayan rumfa ko bakin kwata, daga nan ƙudan ke tashi ya shiga itatuwan unguwa.

Sai tarko. A sami gorar ruwa ta roba, a huda ƙofofi huɗu a kafaɗarta daidai shigar ɗan yatsa, a zuba ruwan sabulu kaɗan a gindi. Masu kantin kayan gona na sayar da wani sinadari mai ƙamshi, metil yujinol, wanda namijin baƙon ƙudan ba ya iya jure masa. A ɗiga a auduga a rataye cikin gorar da zare, a rataye gorar a inuwar reshe daidai tsayin kai. Maza kaɗai yake kamawa, kuma na baƙon kaɗai. Macen abinci take nema don ta yi ƙwai, saboda haka a wata gorar a dama yis ɗin burodi da sukari da ruwa, a riƙa sabuntawa duk mako. Tarko shi kaɗai ba ya gama yaƙi. Babban amfaninsa shi ne yana faɗa maka ranar da ƙudan ya fara yawa, sai ka ƙara tsinta, ka kuma yi saurin cire lemun da ya ƙosa. Kun san lemunmu na kurmi ko ya nuna ɓawonsa kore ne, don darenmu ba ya sanyi. Mai jiran ya yi ja a kan itace, ƙuda yake jira wa.

Yanzu ga waɗanda na kira dakaru. Kowa a nan ya san jar tururuwar nan mai zama a kan mangwaro da lemu da koko, wadda ke zubo wa mai hawa itace a wuya. Yawancinmu in mun ga gidanta wuta muke sa masa. Ina roƙonku, kafin ku ƙona na gaba, ku tsaya ku kalli yadda ake gina shi. Wasu za su jeru a bakin ganye su kama na kusa da shi da baki su ja. In ganyen ya yi nisa, sai wannan ta kama ƙugun waccan su yi sarƙa har su cim masa. Sannan wasu su fito daga ciki, kowace riƙe da farar jaririyar tsutsarsu a baki, suna goga kanta a wannan gefe da wancan, zaren da ke fita daga bakinta yana ɗinke ganyen. Halittar da ta sha wannan wahala kan gidanta ba ta barin kowa ya raɓi itacen. Dare da rana suna sintiri, suna kama tsutsa da fara da ƙwaron da ke tsotson 'ya'ya. Ƙudan lemu ma in ya ji warin sawunsu a jikin ɓawo yakan ƙi sauka.

Mutanen Sin sun gane wannan tun da daɗewa. Wani malami mai suna Ji Han ya rubuta a shekara ta 304 miladiyya cewa a kasuwannin kudancin ƙasarsu ana sayar da gidajen irin wannan tururuwa don masu gonar lemu su rataya, daga baya ma suka riƙa gitta gora tsakanin itatuwa don ta riƙa ƙetarawa. A nan kusa da mu, binciken da aka buga a 2007 kan gonakin mangwaro na Jamhuriyar Benin ya nuna cewa itacen da tururuwar ta yi yawa a kansa ɓarnar ƙuda ta ragu ƙwarai, kuma masu bincike na Jami'ar Gana sun sami irin wannan sakamako a kan lemu a 2012. Abin da wasu suka saya da kuɗi, mu muna da shi a banza muna ƙonawa.

Kiwonta ba wuya. A ɗaura igiya daga itacen da take zuwa wanda ba ta, za ta bi. Amma a fara gwadawa: a ɗauko 'yan kaɗan daga wannan itace a sa a wancan, in suka kama faɗa to ba gida ɗaya ba ne, kada a haɗa su. Da rani a ɗan rataya musu hanjin kaza ko kan kifi, da ruwan sukari a murfin kwalba. Ranar cire lemu a shafa toka a hannu da ƙafa, a barbaɗa a reshen da za a taka, cizon zai yi sauƙi. Tana da aibi, ba zan ɓoye muku ba. Tana kiwon wasu ƙananan ƙwari masu tsotson ganye don ta sha zaƙin da suke fitarwa, kuma 'yan ƙwadago na ƙin hawa itacen da take. A ganina cizon rana ɗaya bai kai asarar kaka guda ba, ƙwarin da take kiwo kuwa sabulu na maganinsu.

Akwai wasu dakarun da ido bai cika ganinsu ba. Dattawa za su tuna farkon shekarun 1980, lokacin da wani farin ƙwaro mai kama da auduga ya rufe mangwaro da lemu a Gana da Togo, ganye ya yi baƙi ƙirin, itace ya daina 'ya'ya, mutane suka riƙa sare itatuwansu don takaici. Feshi bai iya masa ba. Abin da ya karya shi wani ɗan mitsitsin zanzaro ne da aka ɗauko daga Indiya aka saki a Togo a 1987, yana zuba ƙwansa a cikin jikin ƙwaron. Haka aka ceci rogon Afirka da wani ɗan zanzaron daga Kudancin Amurka, wanda cibiyar binciken noma ta IITA ta fara saki a Ibadan a 1981. Jikokinsu na nan a itatuwanmu har yau. Abin da ke faruwa in an kashe irinsu kuwa, Kalifoniya ta gani. A 1888 aka kawo musu wani ɗan jan ƙwaro daga Ostireliya ya cinye ƙwaron da ya kusa tashin gonakin lemunsu, aka zauna lafiya sama da shekara hamsin. Da maganin ƙwari na DDT ya shigo bayan yaƙin duniya na biyu suka fesa, mai ceton ya mutu, annobar ta dawo. Duk ranar da ɗayanmu ya wanke itacensa da maganin da ke kashe komai, abin da yake yi ke nan a 'yar gonarsa. Mai ɓarna ya fi mai farautarsa saurin hayayyafa, shi ke fara dawowa, ya tarar ba mai tsare ƙofa.

To in ƙwari sun fi ƙarfin dakarun fa? A nan ne za a ɗauko injin feshi na goyo, amma a zuba masa abu mai sauƙi. Ga masu tsotso, wato baƙar kwarkwatar da ke taruwa a sabon toho tana nannaɗe shi, da mai ɓawo da ke manne a reshe, da farin nan mai auduga, sabulu da mai sun isa. A haɗa kofi biyu na man girki da rabin kofi na narkakken sabulun salo, wanda mutanen Asante ke kira alata samina, a girgiza har ya yi fari. Babban cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa. Toshe musu numfashi yake yi, don haka sai ya jiƙa su, a bi ƙarƙashin ganye da kyau, a maimaita bayan mako guda. Kada a fesa da tsakar rana, yana ƙona ganye, kada kuma a fesa wa itacen da ke jin ƙishi. Baƙin da ke rufe ganye kamar hayaƙin kicin fumfuna ce da ke tsirowa a kan zaƙin da ƙwarin ke zubarwa. In sun mutu, ruwan sama zai wanke shi.

Sai dogon yaro, wanda wasunmu ke kira darbejiya. Daga Indiya aka kawo shi ƙasar nan a zamanin Turawa. A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta cinye komai a Sudan ta bar shi, daga nan masana suka bi sawu har suka gano sinadarin da ke hana ƙwaro ci da girma. Ƙarfin na cikin ƙwallon, ganye bai kai shi ba. A tsinci 'ya'yan da suka nuna, a wanke, a shanya a inuwa su bushe sarai don kada su yi fumfuna. A fasa, a sheƙe, a daka ƙwayar a turmin da ba na abinci ba. Giram 30 zuwa 50 a lita ɗaya, wato kamar rabin kilo zuwa kilo ɗaya ba kwata a injin lita 15. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma a ranar, domin rana na kashe ƙarfinsa kuma ba ya ajiyuwa. Ya fi amfani a kan sabon toho da ƙananan dashe, inda tsutsar nan mai zana farin layi a cikin ganye ke ɓarna. Kada ku sa ran ganin ƙwari na zubowa nan take. Daina ci suke yi, su mutu cikin kwanaki. Na san itacen bai yawaita a kurmi kamar a arewa ba, amma mu mutanen Zango ne, motocin da ke kai lemu Tamale da Bolga suna iya dawowa da buhun ƙwallon da ke zube a can ba mai so. Kakanninmu da goro suka yi irin wannan fatauci ta Salaga. Ga sana'a ga matasanmu.

Jan kunne biyu. Ruwan taba da wasu ke jiƙawa dafi ne mai shiga ta fata, ku bar shi, kasancewar abu daga tsiro bai sa ya zama mara illa ba. Kuma ko mene ne a injin, kada a fesa lokacin da itace ke fure, don ƙudan zuma. Babbar tsutsar malam-buɗe-littafi da ke cin ganyen dashe kuwa hannu ya ishe ta, aikin yara ne da safe.

Na juya ga cututtuka. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yawancin ciwon gindin lemu mu ke tsaga masa bangon. In kun ga ƙaro na tsatsowa daga gindin itace, ɓawo ya yi baƙi yana ɓarewa, ku duba ƙasar wurin. Ko dai an dasa shi da zurfi har mahaɗar auren, wato inda aka ɗaura reshen lemun a kan gindi, ta shige ƙasa, ko an tara masa ƙasa da shara a gindi, ko ruwa na kwanciya, ko adda ta sare shi wajen nome ciyawa. A gidajenmu na Zango akwai ƙari: ruwan wanki da na wanke-wanke da ake kwararawa a gindin lemu kullum da sunan ban ruwa. A janye ƙasar, gindi ya sha iska. A kankare ruɓaɓɓen ɓawon da wuƙa mai tsabta har a kai lafiyayye, a shafa maganin jan ƙarfe, irin wanda masu koko ke fesawa don baƙin ciwon kwanso, a dama shi da kauri kamar fenti. Taki da ciyawar rufe ƙasa a zuba su a zagayen inuwar itace, nesa da gindi.

Kauci kuma, wanda tsuntsaye ke shuka mana a reshe, ba shi da magani sai zarto. A yanke reshen a ƙasa da inda ya kama, lokacin da ya yi jan furensa ana ganinsa daga nesa, tun kafin ya yi 'ya'ya.

Akwai ciwon da zan faɗa muku gaskiyarsa. Tabon nan mai zagaye da ke fitowa a ganye da 'ya'ya da damina, ganye ya zube, lemu ya taurare ya tsage, wata fumfuna ce da aka fara gani a Angola da Mozambik a 1952, yanzu tana gonakin Gana. Sassabe rassan ciki don iska da rana su ratsa, da kwashe ganye da 'ya'yan da suka kamu a binne, suna rage ta. Amma a shekara mai yawan ruwa dogon yaro da sabulu ba sa tsayar da ita. Sai an fesa maganin jan ƙarfe bayan fure ya zube, 'ya'ya na ƙanana. Ku nemi malamin gona na gundumarku ya faɗa muku awo da lokaci, ga kuma Cibiyar Binciken Amfanin Gona nan a Fumesua, ba nisa.

Mafi arahar kariya duka ana yin ta ne ranar sayen dashe. Ƙasar nan ta taɓa koyon wannan da tsada. A yankin Asebu, kusa da Cape Coast, lemun tsami ya kasance babban arziki, har kamfanin L. Rose na Ingila ya kafa masana'anta a can. Daga ƙarshen shekarun 1930 itatuwan suka riƙa mutuwa gona bayan gona. A 1949 masu bincike biyu, Hughes da Lister, suka nuna cewa ƙwayar cuta ce da baƙar kwarkwatar toho ke ɗauka daga itace zuwa itace. Ba feshi ne ya farfaɗo da gonakin ba, aure ne: aka riƙa ɗaura lemun tsamin a kan gindin babban lemun tsami mai kaushin ɓawo. Saboda haka kada ku sayi dashe a bakin titi don ya fi araha da sidi biyu. Ku nemi mai aure daga wurin reno sananne, irin na cibiyar Jami'ar Gana da ke Kade, ko wanda malaman gona suka amince da shi.

Wannan ya ƙara zama dole yanzu. Akwai wata cuta da ba ta da magani ko na kanti ko na gida, wadda ta shiga Fulorida ta Amurka a 2005. Jihar da ke cire akwatin lemu sama da miliyan 200 a shekara ta dawo ba ta kai miliyan 20 ba. An ba da rahoton ganin ɗan ƙwaron da ke yaɗa ta a yankin Volta a 2023. Alamarta ita ce reshe guda ya yi rawaya, rawayar ganyen ba ta daidaita a gefe biyu na jijiya ba, lemun ya fito ƙarami, karkatacce, mai ɗaci. Wanda ya ga haka kada ya yanki reshe ya kai wa kowa, kada ya yi aure da shi, ya kira malamin gona ya zo ya gani a wurin. Mu da muke yawo da kaya tsakanin garuruwa, mu ne muka fi kowa iya ɗaukar ta a bayan mota ba mu sani ba.

Ina da roƙo ga Mai girma Sarkin Zango da limamanmu. Ƙudan lemu na tashi ya ƙetare katanga, don haka mai tsinta shi kaɗai a unguwa wahala zai sha. A sa mana rana biyu a mako, a sanar a masallatai bayan sallar Juma'a da wuraren suna da biki, kowane gida mai mangwaro ko gwaba ko lemu ya tsince nasa ya ɗaure a leda. Shugabannin mata na kasuwa su ajiye buhu ɗaya a kowane layi don ruɓaɓɓe. Masu gona a ƙauye su yi magana da maƙwabtansu na iyaka, a fara tare tun kakar mangwaro, kafin ƙudan ya juyo kan lemu. Samarin da ke son koyon haɗa tarko da dakan dogon yaro su tsaya bayan an tashi, an kawo gora da turmi, za mu haɗa tare.